Wai da gaske kashe-kashe ya ragu a duniya in an kwatanta da zamanin da?

Ɗan Zengo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da dare a fadarmu gardama ta kaure har shayi na biyu ya ƙone ba wanda ya lura. Wani abokinmu mai karatu a jami'ar André Salifou ne ya ce wai masu bincike sun gano ɗan Adam bai taɓa samun zaman lafiya irin na yanzu ba, mutanen da sun fi mu kashe juna. Ni dai dariya na yi, don kullum ka buɗe portabul da safe gawa ce ke maka sallama, Gaza, Sudan, Tillaberi, kuma ni da idona na ga hayaƙin tarzoma ya turnuƙe garin nan namu na Damagaram ranar 16 ga Janairun 2015. To masu ilmi ku raba mu, gaskiya ya faɗa ko boko ne ya hau masa kai?

Mushe Tarihi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ya yi gajen bayani. Ka sauka Birni, tsohon garin Damagaram, ka tsaya gaban abin da ya rage na ganuwa ka tambayi kanka me ya sa Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara jama'a suka yi wannan uban aiki, har ya sa maƙera suna ƙera masa igwa. Ba don ado ba ne. Lokacin in rani ya shigo an gama girbi to lokacin yaƙi ya zo, kamar yadda yanzu muke cewa lokacin kokowa ya zo, a fita a ci ƙauye a kwaso bayi, Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga har ƙasar Kano ya kai yaƙi, mayaƙin nan Rabi ya ƙone Kukawa, babban birnin Borno, a 1893, sannan 1899 hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka ratso daga yamma suna ƙone garuruwa, abin da suka yi wa Birnin Konni har yau ana faɗa, a shekarar ce kuma aka yi karon Tirmini Nasara suka shiga Damagaram. Duk cikin shekara goma wannan fa.

Inda mutane ke ruɗewa wurin ƙirga ne. Masu wannan magana ba yawan gawa suke dubawa ba, suna duba cikin mutum dubu ɗari nawa ne aka kashe a shekara. A Ingila da aka tono takardun kotu na wajen shekarun 1300 an samu kisan kai ya kai kamar 20 cikin dubu ɗari, yanzu kuwa wajen 1 ne. Garin mutum ɗari biyu in aka kashe goma, ya fi garin mutum dubu ɗari biyar da aka kashe ɗari shiga uku, ko da yake na biyun ne za a faɗa a rediyo. Kuma abin tsoho ne ƙwarai, a Jebel Sahaba can arewacin Sudan an haƙo maƙabarta ta shekara wajen 13,000, ƙasusuwa da yawa da tabon makami a jiki.

Almajirin Garin Malam:
Mushe Allah ya ƙara ilmi, amma ni lissafin nan bai kwanta mini ba. Da mutane suka kai wa Anas ɗan Malik kukan zaluncin Hajjaju cewa ya yi su yi haƙuri, ba zamanin da zai zo face na bayansa ya fi shi sharri, yana cikin Buhari, kuma an faɗa mana yawan kisa na cikin alamun ƙarshen zamani. Ko mu bar wannan mu bi ƙirgar taku, daga 1939 zuwa 1945 an kashe sama da mutum miliyan 60 alhali duniya duka ba ta wuce biliyan biyu da 'yan kai ba, Ruwanda 1994 wajen dubu 800 cikin kwana ɗari da adda. Mai takobi hannunsa na gajiya, shi kuwa mai nukiliya maɓalli ɗaya zai danna. In an yi shekara tamanin ba a danna ba wannan bai zama hujja ba.

'Yar Birni:
Ku maza kullum yaƙi kuke ƙirgawa. Kakata Allah ya jiƙanta tana ba mu labarin da ta ji wurin tata kakar, cewa yarinya ba ta zuwa itace ita kaɗai, kuma tana nuna mana tsagen fuskarta ta ce ko an sace ka aka sayar wata ƙasa da shi dangi za su gane ka. Ta wannan gefen na yarda da Mushe, yau ina shiga kar ni kaɗai har Yamai. Amma matar da mijinta ke duka cikin ɗaki wa ya rubuta ta, da can ko yanzu?

Sannan ga wani abu. Shekarun baya lokacin da 'yan palais, wato gungun 'yan daba, ke tashe, ƙanena na dawowa daga kasuwar Dole da kabu-kabunsa suka tare shi suka sare shi a kafaɗa, na iske shi rigar ta manne da jiki don jini, aka ɗinke aka ƙara masa jini leda biyu, ga shi nan da ransa har ya yi aure. In da zamanin Tanimun ne ai gawa ce. To a takardarku ba a kashe kowa ba ranar, alhali wanda ya ɗaga addar da niyyar kisa ya ɗaga ta. Wani ragin na likita ne, ba halin mutane ne ya gyaru ba.

Mushe Tarihi:
Hajiya wallahi kin kama ni, wannan ta asibiti masu binciken su kansu suna gardama a kai. Malam kuma ban musa maka batun nukiliya ba, ni abin da ya wuce na ƙirga, na gobe sai Allah.

Direban Diffa:
Ni ban yi lekol mai zurfi ba amma hanya na sani. Kafin 2015 tattasai da busasshen kifi nake ɗaukowa daga Diffa, in taso bayan isha'i in ratsa Maine da Gure, in barci ya kama ni in faka gefen titi in shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota, abin tsorona kunama ce kawai. Da Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015 aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana babur, aka tsayar da cinikin kifi da tattasai, wata biyar motata na ajiye har tayoyi suka sace. Babana ya fi kakana kwanciyar hankali a hanyar nan, na yarda, amma kuma ya fi ni. Mushe in za ka sa wannan a lissafinka ka sa, kuma ka faɗa wa yaron jami'ar nan in yana so ranar Laraba zan tafi, akwai wuri a gaba.