Zaure: Ina son koyon babur, wanne zan fara da shi?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum manyana. An mayar da ni aiki Sharaɗa, ni kuma ina Rijiyar Zaki, kuɗin Adaidaita ya cinye rabin albashi. Na tara 'yan kuɗi zan sayi babur, amma keke kawai na iya. Boxer zan saya, ko Jincheng, ko roba-roba?

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam. Kafin ka zaɓi suna, leƙa rumfar bakaniken unguwarku ka ga abin da ya fi kwancewa da ɗaurawa. Shi za ka saya. Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya, mai inji 100, ba ta shan mai, kuma kayanta ko a ƙauye ka tsaya za ka samu. Filogi, sarƙa, kebur ɗin kuloci, duk a banza. Akwai mai 150 amma ta yi wa ɗan koyo ƙarfi.

Malama: Ni ban yarda ya fara da Boxer ba. Doguwa ce, idan ba ka da tsawo ƙafarka ba za ta taka ƙasa sosai ba. Roba-roba ba ta da kulocin hannu, ka saki totur ka taka giya kawai. Da ita nake zuwa makaranta, hankalina kwance.

Oga Bakanike: Malama, gaskiya ne tana da sauƙi. Amma robar jikinta faɗuwa ɗaya ce ta dare, kuma wanda ya koya da ita, ranar da aka miƙa masa mai kuloci sai ya koma ɗan koyo. Wanda ya fara da mai kuloci kuwa kowanne ya hau zai tafi.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Ɗana, ku bar gardamar suna tukuna. Na yi acaɓa har zuwa Janairun 2013 da gwamnatin Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur a Kano, na ga abin da na gani. Kada ka koya da sabon babur. Ari tsoho, ku tafi filin ƙwallo da sassafe da wanda ya iya. Hannun hagu kuloci, ƙafar hagu giya, hannun dama totur da birkin gaba, ƙafar dama birkin baya. Sai hannunka ya san wannan ba tare da ka duba ba. Ranar farko ba ruwanka da gudu. Ka sa giya ɗaya, ka riƙa sakin kuloci a hankali har ka ji inda babur ya fara ja, ka tsaya, ka sake. Zai mutu maka sau da yawa, ka buga kik ka ci gaba. Kowa tashi yake ɗokin koya, alhali tsayawa ce ke raba mutum da asibiti. Ka haɗa birki biyun tare, ka matsa a hankali. Idan ka damƙe na gaba a kan yashi ko a cikin kwana, tayar gaba za ta zame ka sha ƙasa. Sannan inda ka kalla nan babur zai nufa, ka zuba wa rami ido, cikinsa za ka faɗa.

Ɗan Auta: Baba, Allah ya saka da alheri. To yaushe zan hau titi?

Tsohon Ɗan Acaɓa: Sai ka iya zagaya duwatsu biyu da giya ɗaya ba ka sauke ƙafa ba. Daga nan layin unguwa bayan sallar asuba. Kada ka kusanci shataletale da yamma tukuna, kuma kada ka taɓa shiga gefen tirela tana shirin kwana, direban ba ya ganinka.

Malama: A ƙara masa da maganar tufafi. Babbar riga ko hijabi idan ya sauka, sarƙa ko tayar baya na iya nannaɗe shi. A tattare a zauna a kai. Silifa kuma ba takalmin babur ba ne, ga salansa mai ƙona ƙwauri.

Na Maraɗi: Mu a nan Kasea ta yi yawa, ita ma don kayanta ne. Ni dai hular kwano nake roƙo, mai rufe haɓa, a ɗaure maɗaurin. Wadda aka ɗora a ka kamar faifai ba ta tsare komai.

Oga Bakanike: Idan na hannu za ka saya, ka je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba. Ku same shi inji da sanyi, don wanda aka ɗumama yana ɓoye ciwo. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin yana ƙona baƙin mai, aikin ringi na jiranka. Ka gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke rasit, ku rubuta takardar ciniki da shaidu. Babur ɗin sata ya sha kai mai gaskiya caji ofis. Idan kuma sabo ne daga kwali, kada ka murɗa shi da wuri, ka juye baƙin man farko da wuri.

Ɗan Auta: Lasisi fa, Oga? Na ga mutane ba sa damuwa.

Oga Bakanike: Akwai na babur, rukunin A. Ka yi, ka sa lamba, ka huta da 'yan KAROTA da Road Safety. Ka ware kuɗin lasisi da lamba da na hula da kwaɗo tun kafin ciniki.

Ɗan Auta: Na ji. Ƙanin mahaifiyata yana da tsohuwar Jincheng a ajiye, zan are ta ranar Asabar. Baba, za ka samu zuwa filin?

Tsohon Ɗan Acaɓa: Ka zuba mata mai, ka taho da hularka. Ƙarfe bakwai.