Shin dole ne mai jimami ya bi matakai biyar kafin ya dangana?

Ummu Khalil ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka karanci ilimin halayyar ɗan'adam. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa fiye da shekara guda da ta wuce, bayan doguwar jinya. Na karanta cewa mai jimami yakan bi matakai biyar, wato ƙin yarda, da fushi, da neman a sauya ƙaddara, da damuwa mai tsanani, sannan dangana, amma abin da nake gani a gidanmu ya saɓa wa haka. Mahaifiyarmu ta gama takaba ta koma kan keken ɗinkinta, tana hira tana dariya da jikoki, har wata ƙawata ta ce danne abin take yi kuma wata rana zai fashe mata. Ƙanwata kuwa, wadda ita ta yi jinyarsa, har yau ba ta iya shiga ɗakinsa, ta daina zuwa makaranta, kuma kullum maganarta ita ce da ta lura da ciwon da wuri da bai kai haka ba. Wacece a cikinsu ya kamata hankalina ya fi karkata gare ta?

Abu Safwan ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Matakan nan sun fito ne daga littafin da Elisabeth Kübler-Ross, likitar ƙwaƙwalwa haifaffiyar ƙasar Suwizalan, ta wallafa a 1969, kuma mutanen da ta zanta da su a Chicago marasa lafiya ne da ke fuskantar mutuwar kansu, ba waɗanda aka yi wa rasuwa ba. Daga baya ne jama'a suka ɗora bayanin a kan masu makoki, alhali bincike bai tabbatar da cewa kowa yana bin wannan jeri ba.

Aikin da ya fi dacewa da tambayarki shi ne na George Bonanno na Jami'ar Columbia da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2002. Sun bibiyi tsofaffi 205 a Amurka tun abokan zamansu suna raye, sannan suka sake duba su wata 6 da kuma wata 18 bayan rasuwar. Kusan kashi 46 cikin ɗari sun ci gaba da tafiyar da rayuwarsu ba tare da damuwa mai tsanani ba, duk da cewa suna kewa kuma suna zubar da hawaye lokaci-lokaci, kuma wannan rukuni shi ne mafi girma. Kimanin kashi 16 ne jimamin ya daɗe yana cin su. Abin da ƙawarki ta faɗa, na baƙin cikin da aka danne ya fashe daga baya, kusan ba a same shi ba a wannan bincike. A ganina zalunci ne a ɗora wa Mama zargin ɓoye ciwo don kawai ta miƙe tsaye.

Hajiya Yelwa ta amsa:

'Yata, Allah ya gafarta masa. Ina so in ƙara abu ɗaya game da Mamanku. Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan sun yi bayani a 1999 cewa mai jimami yana kai-kawo ne tsakanin fuskantar rashin da kuma gyara rayuwar da ta saura, kuma wannan kai-kawon shi ne lafiya. Tana iya ɗinka wa jika riga da hantsi, da dare kuma ta ɗauko hularsa ta riƙe ta daɗe ba ta ce uffan ba, ku ba ku gani ba. Idan kuma wata rana ta ce ta ji kamar ya yi gyaran murya a zaure, kada ku tsorata. Likita Dewi Rees ya tambayi mata da maza 293 da abokan zamansu suka rasu a yankin Wales na ƙasar Birtaniya, ya wallafa sakamakon a 1971, inda kusan rabinsu suka ce sun taɓa jin kamar mamacin yana kusa da su, ko kamar sun gan shi ko sun ji muryarsa, kuma yawancinsu sun ce hakan yana sanyaya musu rai.

Malam Na-Allah ya amsa:

Malama, ina yi muku ta'aziyya. Na yarda da bayanan da suka gabata, sai dai a tuna cewa an yi binciken Bonanno ne a kan tsofaffin ma'aurata a Amurka, don haka ba za a ɗauki alƙalumansa a auna matashiyar da ta rasa uba ba, balle wanda aka kashe masa ɗan'uwa a gabansa, domin rasuwa ta hanyar tashin hankali ta fi barin jimami mai wuyar warkewa.

Ƙanwarki ce abin dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jimamin da ya ƙi yankewa cikin kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki a 2022, da sharaɗin ya wuce wata 6, ya zarce abin da al'ada da addinin mutumin suka saba da shi, kuma ya hana shi harkokinsa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya wata 12 ga manya. Zargin kai, da gudun duk abin da ke tuna mata da shi, da barin makaranta, duk suna cikin alamomin da ake dubawa, kodayake likitan da ya zauna da ita ne kaɗai zai iya yanke hukunci. Akwai kuma magani: a gwajin da Katherine Shear ta wallafa a 2005, zama 16 na tattaunawa da aka tsara musamman domin wannan matsala ya taimaki kashi 51 cikin ɗari, alhali tattaunawar da aka saba yi wa masu ciwon damuwa ta taimaki kashi 28.

Ku daina ce mata ta yi haƙuri kamar yadda Mama ta yi, domin hakan zai ƙara mata jin cewa ta gaza. Ki raka ta sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa da ku, kuma idan ta taɓa furta cewa gara ta bi shi, kada a jira ko kwana ɗaya.