Firojek kan masu zuwa imajansi: bayanan ƙasa ko ɗakin kati?

Ƴar Aji Biyu: Assalamu alaikum malamai. Ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Maudu'ina shi ne su wa ke zuwa imajansi alhali ciwonsu na GOPD ne, wato sashen da ake duba marasa lafiya su koma gida. Wata 4 ya rage mini, kuɗin hannuna ba su kai N100,000 ba. Sufabaiza ya ce in zaɓa: ko bayanan binciken ƙasa da aka riga aka tattara, ko in shiga asibiti in kwafo daga rajista. Sati mai zuwa zan miƙa furofozal. Wanne zan kama?

Abu Hanan: Wa alaikumus salam. Ki buga takardar tambayoyi ki raba a jihohi uku, ki ɗauki yara shida su taya ki. Shi ne aikin da ake girmamawa.

Baban Stata: Malam, ka karanta kuɗin da ta ce tana da su kuwa? Malama, ki fara sanin abin da kowane bincike yake ƙirgawa. NDHS, wato binciken ƙasa kan al'umma da lafiya a Najeriya, gida-gida ake bi. Na 2018 gungun gidaje 1,400 aka zaɓa, gida 30 a kowanne. Abin da ya tambaya game da neman magani yawanci na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ne: zazzaɓi, gudawa ko tari a sati biyun da suka wuce, da inda aka kai yaron, asibitin gwamnati, na kuɗi, kemis ko mai maganin gargajiya. Ba a tambayi uwa ta wace ƙofa ta shiga asibitin ba. Kenan imajansi ba ya ciki. Binciken yanayin rayuwa na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa (NBS) na 2018/19 ya haɗa da manya da kuɗin da aka kashe, amma shi ma mutum yake ƙirgawa, ba zuwa asibiti ba. In kika sauya maudu'i zuwa inda iyaye ke fara kai yaro mai zazzaɓi, to NDHS ya ishe ki, kuma kyauta ne. Fayil ɗin yara za ki sauke, ki raba gurbin v005 da 1,000,000 ki sami nauyin da kowane mutum yake wakilta a samfurin, ki saka v021 da v022, masu nuna gungu da rukunin da aka ɗebo shi, kafin ki lissafa komai. Wanda ya tsallake wannan, alƙalumansa za su fito da kyau a ido amma ƙarya ne.

Dakta Tura: Irin abin da take nema Amurka ce ta yi shi. Binciken asibitocinsu mai suna NHAMCS, tun 1992, akan zaɓi asibitoci a ɗebi samfurin masu zuwa na sati 4, da lokacin isowa, ko motar asibiti ce ta kawo shi, matakin gaggawa, da yadda aka ƙare da shi. Na 2022 ya nuna zuwa imajansi kusan miliyan 155, kuma daga shi aka rufe binciken. Ba na ce ki yi firojek da bayanan Amurka ba, amma ki sauke fom ɗinsu ki rage shi ya zama naki.

Mai Rajista: Fom ɗin Amurka a ɗakin katinmu? Dakta, ranka ya daɗe, layi nawa za ta cike? Bari in faɗa muku yadda wata ɗaliba ta ƙare a wani asibiti. Ta biya kuɗin kwamitin ɗa'a, mai ba da izinin yin bincike, ta jira sati 7, aka buɗe mata sito. Rajistar shekara guda littafi tara ce, biyar aka samu. Ɗaya ruwan damina ya jiƙa shi shafuka sun manne, ɗaya gara ta ci rabinsa. Gurbin shekaru an rubuta "Ad", wato babba kawai. Gurbin ciwo kuma alamar tambaya da maleriya, daga sama har ƙasa. Lokacin isowa babu. Dutin dare kusan fanko, don mutum ɗaya ne ke karɓar mara lafiya, ya sa ruwa, ya kuma yi rubutu, to wanne zai bari? Ta zaɓi lambar kati 422, folda 190 da wani abu aka iya zaro mata. Ranar kare aiki malamin waje ya ce samfurinta bai wakilci kowa ba. Shekara guda ta ƙara.

Mai Rajista: Kuma ba laifin ƴan rekod ba ne. Folda tana tafiya wod ba ta dawowa, wani majinyacin ya tafi da ita gida, wani ya ɓatar da ƙaramin kati a buɗe masa sabuwa, mutum ɗaya ya zama uku. Watan yajin aiki shafi fari fat, sai mai bincike ya rubuta wai cuta ta ragu.

Sista Dutin Dare: Nan kam gaskiya ka faɗa. Ƙari a kai, bayan ƙarfe 4 in GOPD ta tashi, duk mai ciwon kai imajansi yake nufa don ita kaɗai ce a buɗe. Malama, in babu awa da ranar mako a bayananki, ba ki amsa tambayarki ba.

Na Gidan Gona: Garar da ta ci littafin ma ta yi digiri a wannan siton, a ba ta satifiket 😂

Ƴar Aji Biyu: To kuɗin kwamitin ɗa'ar nawa ne?

Abu Hanan: N10,000 ne ga ɗalibi.

Mai Rajista: A wace shekara? N30,000, ban da abin da za ki ba mai zaro folda, N200 kowacce.

Sista Dutin Dare: N50 ne folda, kada ku tsorata ta. Wani wurin ma in sashenku ya rubuto wasiƙa ba a karɓar komai.

Jami'in M da E: Kun manta da DHIS2, manhajar da gwamnati ke tara alƙaluman asibitoci a ciki. Kowane wata asibiti na cike fom ɗin taƙaitawa na NHMIS, wato tsarin tattara bayanan lafiya na ƙasa, a shigar a ƙaramar hukuma. Ki rubuta wa sashen tsare-tsare, bincike da ƙididdiga na ma'aikatar lafiya ta jiha, ki haɗa da amincewar kwamitin ɗa'a. Za ki sami adadin masu zuwa OPD, wato waɗanda ake dubawa su koma gida, wata-wata, maza da mata, rukunin shekaru. Sai dai jimilla ce, babu bayanin mutum ɗaya-ɗaya, kuma manyan asibitoci da masu zaman kansu ba su cika turowa ba. Ki fara duba kashi nawa na rahoton ya shigo kafin ki yarda da kowace lamba.

Baban Stata: Lambar da ake cikewa daren ranar miƙawa.

Jami'in M da E: Malam, kai da ba ka taɓa riƙe rajista ba, daga kwamfuta sai kwamfuta. NDHS ɗin naka na 2018 daga Agusta zuwa Disamba aka yi shi, lokacin zazzaɓin cizon sauro. Ina watannin zafi da sanƙarau? Kuma a matakin jiha ya tsaya, ba ya magana a kan ƙaramar hukuma.

Dakta Tura: Dukkanku kuna ƙirga wanda aka rubuta. Wanda aka ce babu gado ya juya daga bakin ƙofa fa? Da wanda aka ce sai ya ajiye kuɗi? Ba ya rajista, ba ya DHIS2. Alhali sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa, tarar N100,000 ko ɗaurin wata 6.

Na Gidan Gona: Daidai kuɗin firojek ɗin Malama kenan.

Sista Dutin Dare: Dakta, dokar ba ta sayen safar hannu da ruwan ƙari. Kashi 5 cikin ɗari na BHCPF, asusun kula da lafiya a matakin farko, an ware shi don gaggawa, ku tambayi ma'aikatan imajansi ko sun gan shi a kabad. Mu ake zagi in an rubuta wa dangi su sayo kanula, abin saka ruwa a jijiya, ƙarfe 2 na dare.

Abu Hanan: Ga kuma takardar ƴan sanda. Tun 2017 doka ta ce a fara duba wanda aka harba kafin a nemi rahoto, amma har yau mutane na tsoron ɗaukar wanda ya yi haɗari a hanya kada a riƙe su.

Ƴar Aji Biyu: Malamai, don Allah, furofozal ɗin fa? In sauya maudu'i ko in shiga siton?

Mai Rajista: In za ki shiga, ki tafi da takunkumi, ƙurar ba ta wasa ba ce. Sista, kanula nawa take yanzu a wajenku?