Abin da masu cutar amiloidosis ta AL suka ce game da gano ta

Kusan duk wanda ya yi magana labarinsa ɗaya ne: wata da watanni yana yawo daga likitan zuciya zuwa na ƙoda, kowa na duba ɓangarensa kaɗai. Cutar daga ɓargo take tasowa, inda wasu ƙwayoyin jini ke fitar da gurɓataccen furotin da ke taruwa a zuciya, ƙoda da jijiyoyi.

Shawarar da suka fi nanatawa ita ce a rubuta alamomin duka a takarda ɗaya, a miƙa wa likita ɗaya: kumburin ƙafa, kumfa a fitsari, haki, kasala, sagewar hannu biyu. Wata mata ta ce sai da harshenta ya kumbura har shatin haƙora ya fito a gefensa, sannan aka fara zargin cutar. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Sun ce a roƙi gwajin furotin ɗin a jini da fitsari, a kuma nemi ganin likitan jini. Tabbaci kuwa sai an ɗebi ɗan kitsen ciki ko ɓargo, an rina shi da wani rinin gwaji da ake kira jan rinin Kongo. Kada a yi jinkiri, domin lalacewar zuciya ce ta fi kashe masu cutar.