Ƙafafun teburina masu ruwan gwal sun fara tabo, me ya jawo?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙarfe. Wata takwas ke nan da na sa teburin tsakiyar falo mai ƙafafu ruwan gwal, na haɗa da sandunan labule da hannayen kabad duk kala ɗaya don su dace. Mai kayan ya rantse mini tagulla ce zalla. Yanzu gindin ƙafafun teburin ya fito da ɗigo-ɗigo ja kamar ƙyanda. Hannun kabad ɗin da aka fi ja kuwa ya koɗe ya koma fari-fari, daidai inda babban yatsa ke sauka. Sandunan labule ne kawai ba abin da ya same su. Na sa man goge ƙarfe na dirje, abin sai ya ƙara muni. An cuce ni ne, ko ni ce ban iya kula da su ba?

Ɗan Maƙera:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, ciro maganaɗisun da ake mannawa a jikin firij ki kara a ƙafar teburin. Tagulla haɗin jan ƙarfe da tutiya ce, maganaɗisu ba ya kama ta, kuma ba ta yin jar tsatsa. In ta tsufa duhu take yi, wani lokaci da ɗan kore-kore. Tunda ja kika gani, ina kyautata zaton baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka da ruwan tagulla. Wannan rufin ko kusa bai kai kaurin gashin kai ba, sai a shafa masa wani fenti garai-garai don ya riƙe ƙyalli, kuma da zarar fentin ya tsage, ruwan goge ƙasa ya samu hanya. Shi ya sa daga gindi abin ya fara, labule kuwa suna can sama ba ruwa ba hannu.

Man da kika shafa yana da ɗan kaushi, aikinsa kankare saman ƙarfe. A kan tagulla ta gaske gyara ne, a kan rufi kuwa ragowar kika ƙarasa cirewa.

Hannun kabad ɗin daban ne, kada maganaɗisu ya yaudare ki. Yawanci da narkakkiyar tutiya ake zuba su, ita ma ba ta kamawa. Kwance guda ɗaya, ki karce bayansa inda ba a gani. In rawaya ne har ciki, tagulla ce. In fari ko toka-toka ya bayyana, kin samu amsa.

Maman Ilham:
Malam, maganaɗisun ya manne ƙam a ƙafar teburin, sai da na ɓamɓaro shi. Bayan hannun ma toka-toka ne. Allah ya isa dai ban ce ba, amma raina ya sosu.

Anti Rabi:
Ƙanwata, kada ki ce duk mai ruwan gwal haka yake. Akwai rufin da ake kira PVD, wanda ake yi cikin injin da aka zuƙe wa iska, yakan ba da kalar gwal da sinadarin titaniyam. Kan famfon banɗakina irinsa ne a kan sitenles, wato ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, kullum cikin ruwa da sabulu, har yau bai canja ba. Tsumma mai laushi kawai nake bi da shi. Ni dai yanzu ba na tambayar kala, abin da ke ƙarƙashi nake tambaya.

Ɗan Maƙera:
Gaskiyarki Anti, sai dai sitenles ɗin ma hawa-hawa ne. Mai lamba 304 yana da kuromiyam kusan kashi 18 da nikel kashi 8, shi ne nagari na cikin gida. Mai lamba 201 an rage masa nikel, a wuri mai laima yakan yi tabo. Kuma ko 304 ɗin, bilic da soson waya suna lalata shi: soson yana barin ɓurɓushin ƙarfe, su yi tsatsa, a ce kayan ne.

Teburinki bai mutu ba, Hajiya. A kankare tsatsar tas har ƙarfen ya fito, a yi masa fentin gari wanda ake gasawa a zafin digiri 180 zuwa 200. Ba zai yi ƙyallin da ba, amma zai jure. A sa masa takalmin roba a gindi don ya rabu da ruwa.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Baƙi zan sa a yi masa, na haƙura da gwal ɗin. Hannayen kabad ɗin fa, su ma fentin zai zauna a kansu, ko in canja su kawai?