Tun rasuwar yayana addu'a ta ƙi fitowa, me zan yi?

'Yar Kwaya: Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Daminar bara aka kashe yayana a gona, yana tsakiyar noman masara. Shi ya biya mini kuɗin makaranta bayan rasuwar Baba. Tun ranar da muka binne shi, in na durƙusa sai bakina ya yi nauyi. Ranar Lahadi ina sa kayan kwaya, ina tafi tare da kowa, amma zuciyata tana can bakin kabari. Fastonmu ya ce in gafarta, na amsa da to, ban kuwa san ta inda ake farawa ba. Ina jin haushin Allah fiye da yadda nake jin haushin waɗanda suka yi kisan, wannan ne ke ba ni tsoro. Ko na ja da baya ke nan?

Uwar Zumunta: Sannu 'yata, Allah ya ta'azantar da ku. Kina cin abinci kuwa? Kina samun barci? Buɗe 1 Sarakuna 19. Iliya da ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, shi ne ya gudu jeji saboda Yezebel har ya roƙi mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Mala'ika ya tashe shi sau biyu, ya ba shi waina da ruwa, sai da ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb kafin aka yi doguwar magana. A Zumuntar Mata mun zauna da gwauraye da yawa, wadda ta fi saurin cewa "na warke" ita ce mukan fi sa wa ido. Nemi dattijuwa ɗaya mai riƙe sirri, ki riƙa zuwa wurinta ko da kuka kawai za ki yi.

Malamin Lahadi: 'Yar'uwa, haushin nan ki kai wa Allah shi yadda yake, kada ki yi masa ado. A Zabura 13 Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau 4 a ayoyi biyu na farko. Zabura 88 ma da duhu ta ƙare, kuma an bar ta cikin Littafi Mai Tsarki. In kalmominki sun ƙare, karanta waɗannan Zabura biyu da murya, su zama addu'arki. Romawa 8:26 ta ce Ruhu na roƙo dominmu lokacin da ba mu san abin da za mu roƙa ba.

Ɗan Kagoro: Ni dai ina ganin an yi miki gaggawa da zancen gafara. Umarni ce, ban musa ba, amma ba ta hana ki neman a hukunta masu laifi. In kuma rashin barci da firgita sun daɗe, ki ga likita, wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

'Yar Kwaya: Na gode ƙwarai. Mama, gaskiya ba na ci sosai, barci kuma sai wajen asuba. Akwai matar wani dattijon ikilisiyarmu da ta rasa ɗanta shekarun baya, gobe bayan sujada zan same ta. Ku ci gaba da sa mahaifiyarmu a addu'a, ita ko ƙofar coci ba ta iya takawa har yanzu.