"Muka ci" ku da wa? Rigimar kofin 1917 a zauren dangi

Baban Ilham: Assalamu alaikum. Yau dai sai na amayar da abin da ke cikina. Shekaranjiya na turo hoto a zauren nan, ko mutum ɗaya bai tanka ba, ko ɗan yatsan nan da ake ɗaga wa mutum ban samu ba. Amma Ɗanlami ya turo akuyarsa ta haihu, aka kwana ana barka. Hoton da na turo na wata tuta ce da ke rataye a rufin filin ƙwallon gora na ƙanƙara a nan Siyatil, an rubuta 1917 a jikinta. Aikin dare na bari, na yanki tikiti, na hau can ƙololuwa inda 'yan wasa suke kamar tururuwa, don kawai in ɗauko muku. A shekarar nan muka ci kofin Stanley, babban kofin wannan wasan. Metropolitans ta nan Siyatil ce ƙungiyar Amurka ta farko da ta raba Kanada da shi. Wasa huɗu aka yi da Canadiens ta Montiriyal a watan Maris: suka ci na farko 8 da 4, muka rama 6 da 1, muka ƙara 4 da 1, muka rufe da 9 da 1. A cikin 23 da muka zura, 14 na mutum ɗaya ne, Bernie Morris, shida a wasan ƙarshe kaɗai. Ni na ce ba a taɓa yin kakar wasa irin wannan ba a tarihin wasan. Mai ja ya ja.

Ɗan Gwaggo: Wa alaikumus salam. "Muka ci"? "Muka rama"? Ku da wa, bawan Allah? A 1917 ko auren kakanmu ba a ɗaura ba. Kai da ka sauka Amurka shekara shida da suka wuce, kullum ka bugo waya kana kukan sanyi ya hana ka alwala, yau kai ne jikan masu ƙanƙara?

Baban Ilham: Na san kai za ka fara. Taubashi ba ya ganin alheri.

Ɗan Gwaggo: Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. In ka isa, ka sa takalmin nan mai wuƙa a ƙasa, Maman Ilham ta ɗauko mana bidiyo. Taku uku kawai nake so.

Maman Ilham: Ni ba ruwana. Amma an taɓa gwadawa.

Auta: Hahaha Anti, Allah ya bar mana ke.

Ɗanlami: Ni ban ga laifin akuyata ba a maganar nan. 'Yan biyu ta haifa. Kuma tsakani da Allah Yaya, na buɗe hoton, na ga ƙyalle mai ratsin kore da ja, na ɗauka tallar atamfa ce.

Baban Ilham: Auta kai ma dariya kake? Kai da kake kwana a gidan kallo kana "mun ci, mun sayi ɗan wasa, za mu kori koci". Ka taɓa taka Landan? Ni ko ba komai a garin nake kwana nake tashi, harajina a nan nake biya. In akwai mai ikon cewa "mu" a zauren nan, ni ne.

Auta: A'a Yaya, kar ka haɗa. Ni Arsenal tun zamanin Kanu nake binta, ina ganin wasanta da idona. Kai ƙungiyar taka tana ina yanzu?

Na Maraɗi: Ina wuni Kawu, ina wuni jama'a. Kawu Allah ya huci zuciyarka, ni na ga hoton, aiki ne ya sha kaina ban yi magana ba. Amsar Auta ita ce ƙungiyar ta watse tun 1924, filin da suke wasa ma aka mai da shi wurin ajiye motoci. Wadda Kawu ya je kallo Kraken ce, a 2021 ta fara wasa, ita ta rataya tutar don tunawa da waɗancan. Sai kuma wani ɗan gyara, ba don raini ba. Wannan "mu" ɗin, in za a bi gaskiya, mu na nan Kanada muka fi cancanta da ita. Morris ɗin da Kawu yake yabo haifaffen Manitoba ne. Kyaftin Frank Foyston, da gola Hap Holmes, da Jack Walker, da Cully Wilson, duk sun riga sun ci wannan kofin da Toronto a 1914 kafin a kwaso su zuwa Siyatil. Gasar ma da suke ciki 'yan'uwa biyu ne 'yan Kanada, Frank da Lester Patrick, suka kafa ta a 1911. Garin ne na Amurka, ƙafa da sanda namu ne.

Ɗan Gwaggo: Allahu Akbar! Kayan aro ba ya rufe katara. Ashe haya aka yi.

Baban Ilham: To ga wani sabon "mu" kuma. Kai yaro, yaushe ka zama ɗan Kanada? Ba karatu ka je ba? Da ni da kai duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, amma ni aka tasa a gaba.

Na Maraɗi: Kawu ni shekarata tara.

Baban Ilham: Ko casa'in ne. Kofi sunan gari ake rubutawa a jikinsa, ba a rubuta asibitin da aka haifi ɗan wasa.

Auta: A nan kam ina bayan Yaya. Chelsea a Disambar 1999 ta fito da mutum goma sha ɗaya babu Bature ɗan Ingila ko ɗaya, wa ya ce ta tashi daga ƙungiyar Ingila? Duk da dai su dama haya suka iya.

Ɗanlami: Auta ka kiyaye ni. Kofin Zakarun Turai biyu muke da shi, 2012 da 2021. Ana maganar manya kana sa baki. Kuma ku Arsenal ba ku yi irin ta ba a 2005? Har benci babu ɗan Ingila.

Auta: Mu 2004 ba a ci mu ko sau ɗaya ba a lig. Kai ka je ka ba akuya dusa.

Ɗanlami: Wallahi ka ƙara ambaton akuyar nan sai na faɗi abin da ya faru da babur ɗin Yaya Babba.

Yaya Babba: Wane abu ne ya faru da babur ɗina?

Auta: Ba komai Yaya. Wasa yake.

Na Maraɗi: Tunda Kawu ya kawo maganar rubutu a jikin kofi, to sunan Fotland ya riga na Siyatil hawa. Rosebuds ta Fotland ta ci gasar yamma a kakar 1915 zuwa 1916, ta sa aka zana sunanta. Ita ce ma ta Amurka ta farko da ta buga wasan ƙarshe, Canadiens ta doke ta wasa 3 da 2.

Baban Ilham: Ka ji ka da bakinka, an doke ta. Wanda aka kayar ya je ya rubuta sunansa a ƙofar gidan sarki, sai ya zama sarki? Mu zakarun da suka doke Fotland ɗin muka tarar da kofi a hannunsu muka ƙwace. Kuma ba 'yan tsiya ba ne, Georges Vézina ne a raga, wanda har yau sunansa ne a kan kyautar gwarzon gola. Ga Newsy Lalonde, ga Didier Pitre da ya zura huɗu a wasan farko. Bayan wannan daren, ƙwallo ɗaya ɗaya suka riƙa samu har aka tashi.

Na Maraɗi: Kawu a duba kuma, kwanaki suka yi a jirgin ƙasa daga gabas zuwa yamma, duka wasa huɗun a gidanku aka yi, ga dokokin yamma daban, mutum bakwai bakwai maimakon shida.

Baban Ilham: Yawwa, nan nake jiranka! Karɓa-karɓa aka yi. Wasa na ɗaya da na uku dokar yamma, na biyu da na huɗu dokarku ta mutum shida. Wanda kuka ci ɗin, da gajiyar jirgin a jikinku kuma da dokarmu kuka ci shi. Da kuka huta aka koma dokarku, sai 6 da 1, sai 9 da 1. Ka ce wani abu.

Na Maraɗi: Kawu mu dai a Montiriyal kofi 24 muke da shi.

Baban Ilham: Na 24 ɗin a 1993 ne, aka shafe sama da shekara talatin kuna kallon ruwa kamar kwaɗo.

Ɗan Gwaggo: Jama'a ku duba, ɗan Fagge da ɗan Maraɗi suna "dokarmu" da "dokarku" a kan ƙanƙarar da ko a firij sai an kawo wuta suke ganinta. Kuma ni har yanzu ban yarda ƙwallo ba ce. Na gani a talabijin, wata 'yar baƙar roba ce shafaffiya kamar gwangwanin man goge takalmi. Abin da ba ya gangarawa ya za a ce masa ƙwallo?

Auta: To ka raɗa mata suna mana, sarkin Hausa.

Ɗan Gwaggo: Faifai.

Gwaggo Hajiya: Jikata ce take rubuta min. Na ji ana ta 1917 ana ta 1917. Kai Baban Ilham, kai da kake da kuɗin shiga kallon masu zamiya, ina kuɗin rufin ɗakin Inna da aka yanka wa kowa tun kafin azumi? Damina ta kusa. Kowa ya kawo sai kai da Auta.

Baban Ilham: Gwaggo Allah ya ƙara girma, wannan ba maganar zaure ba ce. Zan kira ki.

Gwaggo Hajiya: Haka ka ce da Sallah.

Auta: Gwaggo ni ɗalibi ne.

Ɗanlami: Ɗalibin da yake da kuɗin gidan kallo da na gyaran babur a ɓoye.

Yaya Babba: Auta ka same ni bayan la'asar.

Na Maraɗi: Don a sassauta, akwai abin da ya haɗa mu da Kawu. A 1919 ƙungiyoyin nan biyu suka sake haɗuwa a Siyatil, kowa ya ci biyu, ɗaya aka yi canjaras, sai annobar mura ta kwantar da 'yan Montiriyal. Ba a buga na raba gardama ba, ba wanda aka ba kofi, ɗan wasansu Joe Hall ya rasu a can cikin watan Afrilu. Morris kuwa bai buga ba, an kama shi da zargin guje wa aikin soja, har ya yi zaman kurkukun Alcatraz kafin a sake shi ya koma wasa.

Gwaggo Hajiya: Wannan murar ai ita ce marisuwa. Kakata tana ba mu labarinta, ta ce a unguwarsu har masu haƙa kabari suka gaza. Allah ya jiƙan musulmi. Amma ba ta hana a biya kuɗin rufi ba.

Baban Ilham: Kai kuma da ka ce za ka sassauta, sai ka ƙare da kai gwanina gidan yari?

Yaya Babba: To ya isa haka, wayata ta cika. Na karanta komai daga farko, ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, an tabbatar 'yan Kanada ne suka ci kofin 1917, Siyatil fili kawai ta bayar, kamar yadda mijin Zainab ya yi bayani cikin ilimi da ladabi, Allah ya yi masa albarka. Na biyu, Montiriyal tana da 24, don haka babu sauran gardama. Na uku, kalmar "mu" ba ta halatta ga wanda bai kai shekara tara a ƙasa ba. Na huɗu, maganar Gwaggo ita ce magana, Baban Ilham ya turo kafin Juma'a. Maganar Chelsea da Arsenal ba ta taso ba, kowa ya san United ce babba. An rufe.

Baban Ilham: Yaya wa ya tabbatar? Ina maganar 9 da 1? Ina 14 ɗin Morris? Ni cewa na yi ba a taɓa kaka irin wannan ba, ko mutum ɗaya bai taɓo wannan ba. Don surukinka ne shi ke nan?

Yaya Babba: Na ce an rufe.

Ɗan Gwaggo: Maman Ilham, bidiyon nan dai ki turo min ta gefe.